Ranar Biya da Ranar Bin Bashi a Sabon Gari da Samaru

Kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya a shekarar 1911, da wuya a sami mutum a ƙasar Zazzau wanda za a iya faɗin ranar da kuɗi za su shigo hannunsa, balle a faɗi adadinsu. Manomi yana jiran kaka, kaka kuwa tana hannun Allah. Marini da masaƙi da baduku suna jiran ciniki. Falke yana jiran ayari ya komo daga Gwanja ko Ikko, in ya komo lafiya. Har hakimai da barorin sarki ma, abin da suke samu gaisuwa ce da rabon haraji da kyautar da ba ta da lokaci. Saboda haka wanda ya ba da bashi a wancan zamani ya ba da shi ne bisa sanin mutum da sanin gidansu, da abin da ido yake gani na dukiyarsa, watau gona da rumbu da dabba da tufa. Idan kuma rana ta ɓaci har aka kai ga alƙali, waɗannan abubuwa ne shari'a take dubawa, ba ta kai hannu ga abin da mutum bai riga ya mallaka ba.

Alƙalan birnin Zariya, waɗanda har yau akwai unguwa mai sunansu a cikin ganuwa, sun gaji hukuncin bashi daga littattafan mazhabar Imamu Malik, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim, kuma duk wanda ya zauna ya karanta babin bashi da na fatara a cikinsu zai tarar da tsari wanda bai bar mai bin bashi cikin hasara ba, bai kuma miƙa masa wuyan wanda yake bi ba. Idan haƙƙi ya tabbata, ko da iƙirari, ko da shaidu adilai, ko da rantsuwa, sai alƙali ya dubi halin wanda aka yi ƙara. In mawadaci ne mai taurin bashi, a tsare shi har ya biya, ko a sayar da kayansa a kan dole; in ba a san halinsa ba, ya kawo mai lamuni, ko a tsare shi gwargwadon lokacin da za a gane gaskiyarsa; in kuwa rashi ya tabbata a kansa, aka shaida, ya kuma rantse ba shi da kome a ɓoye, to ba sauran tsarewa, sai a saurara masa har Allah ya hore, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni. Wanda bashi ya kewaye dukiyarsa duka har aka yi masa hukuncin taflisi, ana tattara abin da ya mallaka a yi gwanjonsa, a raba wa masu binsa gwargwadon rabon kowa, amma a bar masa abincinsa da na iyalin da ciyarwarsu ta wajaba a kansa, da tufafin da suka saba sawa. Akwai kuma wata mas'ala wadda ta fi duk sauran kusa da zancenmu: a mashhurin mazhaba ba a tilasta wa mufallasi ya tafi ƙodago domin ya biya masu binsa, saboda haƙƙinsu ya rataya ne ga dukiyarsa, bai rataya ga ƙarfin jikinsa da gumin da bai zubar ba tukuna.

Sa'an nan adadin da alƙali ya ambata ran da ya yanke hukunci, shi ne adadin har a gama. In ya ce wuri zambar hamsin, ko an shekara uku ana biya, zambar hamsin ɗin nan ce, domin ƙara wa bashi kuɗi saboda an ƙara masa lokaci shi ne ainihin ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya haramta. Malikawa ma sun tsananta har suka hana kishiyar wannan, watau a rage wa mutum bashin da ajalinsa bai yi ba bisa sharaɗin ya gaggauta biya. Abin da kotu take ɗauka shi ne ushira, ɗaya cikin goma na abin da aka karɓo, wadda bayan kafa Baitulmali a farkon mulkin Turawa ta bar hannun alƙali ta koma taskar En'e, aka yanka wa alƙalai albashi. Ba ina nufin zamanin ya tsarkaka daga cin riba ba. Talakan da hatsinsa ya ƙare da damina yakan karɓi dami ɗaya ya biya biyu da kaka, gonaki kuma sukan daɗe a hannun jingina har a kusa mantawa da masu su. Amma wannan zalunci ne da ake ƙullawa a zaure, mai yinsa kuwa ya san ba zai iya ɗaukarsa ya kai gaban alƙali ya nemi a tilasta masa biyansa ba.

Jirgi ya zo da wani irin mutum sabo. Hanyar da ta taso daga Baro ta ratsa Zariya zuwa Kano, ba da daɗewa ba aka ja wata ƙarama daga nan zuwa ƙasar kuza ta Jos, kana a 1929 wadda ta bi ta Gusau ta kai Ƙaurar Namoda, sai Zariya ta zama mahaɗa, mai bukatar direbobi da 'yan wuta da makanikai da akawuna da masu buga waya da leburori masu yawa. Kamfanin auduga na Ingila da ake kira BCGA ya kafa injin gurza. Kamfanonin ciniki irin su John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis, wanda har yau sunansa PZ ya zauna a kan unguwar kantuna, suka jera ɗakunan kayansu kusa da tasha. A 1924 kuma aka kafa barikin horar da kuratan soja. Mutanen da suka zo yin waɗannan ayyuka, Yarbawa da Ibo da Nufawa da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, har da Hausawan wasu garuruwa, aka yanka musu filaye a hayin Kubanni, nesa da ganuwa, a wurin da aka kira Sabon Gari, aka kuma sa su ƙarƙashin Joji Bature maimakon Sarkin Zazzau. Abin da ya haɗa yawancinsu, duk da bambancin harshe da addini, shi ne kowa yana da rana sananniya a ƙarshen wata da za a kira sunansa gaban tebur a ƙirga masa fam da sule.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma na mai albashi a waje yake, domin mai gidan haya da mai tuwo da ɗan kanti da tela duk sun san nawa yake ɗauka da ran da yake ɗauka. Wannan sani ne ya buɗe masa ƙofar bashi fiye da manomin da ya fi shi dukiya, shi ne kuma ya hana shi wurin ɓuya ran da biya ya gagara. Sai al'adar littafin bashi ta kafu, ana ci ana rubutawa zuwa ƙarshen wata, aka kuma sami masu sana'ar ba da kuɗi da ruwa, waɗanda ba sa neman jinginar gona ko gida, sa hannu a takarda da sanin ofishin da mutum yake aiki ya ishe su. Abin ya yawaita a garuruwan ma'aikata har gwamnati ta yi dokar masu ba da rance a ƙarshen shekarun 1930, wadda ta wajabta musu yankan lasin, ta ƙayyade ruwan da za su ɗora, ta kuma hana ɗora ruwa a kan ruwa. Ita gwamnatin kuma, a ƙa'idodin aikinta, ta ɗauki nutsewa cikin bashi babban laifi ne ga ma'aikaci, bisa hujjar cewa akawun da bashi ya shaƙe ba a amince masa da akwatin kuɗi ba. Wannan ƙa'ida tana nan har yau a dokokin aikin gwamnatin tarayya, inda ake lissafa ma'aikaci cikin masu wannan laifi idan bashinsa marar jingina ya haura albashin wata uku, ko kuwa kotu ta tabbatar masa da bashi bai biya ba, an kuma ɗora wa magatakardan kotu ya sanar da shugabanninsa. Niyyar mai kyau ce, amma amfaninta ya faɗa hannun mai ba da rance, gama akawun da ya san sammaci ɗaya yana iya raba shi da aikinsa zai yarda da kowane irin ruwa, ya sake sa hannu a sabuwar takarda mai adadin da ya fi na farko, muddin dai maganar ba za ta kai kotu ba.

Dokar da ta ba mai bin bashi hanyar kama kuɗin abokin shari'arsa a hannun wani daga Ingila ta zo, kuma ya kamata a san tarihinta a can, domin a gane abin da aka kawo mana da abin da aka bari a baya. A 1838 majalisar Ingila ta zartar cewa duk bashin da kotu ta tabbatar zai riƙa jawo ruwa na kashi 4 cikin ɗari a shekara, tun daga ranar hukunci har ran da aka gama biya, adadin da aka yi ta canzawa har ya tsaya a kashi 8 tun 1993. A 1854 aka ba kotu ikon ta umurci wanda yake riƙe da kuɗin mai bashi ya miƙa su ga mai binsa kai tsaye. A 1869 aka soke ɗaure mutane saboda bashi sai a wurare ƙalilan, da shekara ta kewayo kuma, a 1870, aka hana taɓa ladan bara da lebura da ɗan ƙodago da irin wannan umurni. Sai a 1971 Ingila ta tsara dokar yankan albashi ta gaba ɗaya, ita ma da sharaɗin kotu ta fara ware abin da ba za a taɓa ba, wanda mutum zai ci da iyalinsa. Ashe su ma da suka ƙago hanyar, sun komo kusa da abin da Halilu ya rubuta a Masar tun ƙarni na 14.

A nan Nijeriya, dokar zartar da hukuncin kotu da ake aiki da ita har yanzu an yi ta ne a 1945, shekarar da ma'aikatan reluwe da na sauran ma'aikatun gwamnati, har da na Zariya, suka yi babban yajin aiki na fiye da kwana arba'in saboda tsadar kaya da yaƙin Hitila ya haddasa. Bisa wannan doka, wanda ya yi nasara a shari'a yakan koma kotu shi kaɗai, ya rantse ba a biya shi ba, kuma wane yana riƙe da kuɗin wanda yake bi. Sai kotu ta ba da umurni na wucin gadi wanda yake ɗaure kuɗin tun ran da aka isar da shi ga mai riƙon, a kai wa wanda ake bi nasa aƙalla kwana 14 kafin zama, in ba a kawo hujjar da ta hana ba sai umurnin ya tabbata, a ɗebi bashin tare da kuɗin ɗawainiyar ƙarar. Sai dai ba a kama kome sai abin da ya riga ya zama haƙƙin mutum, albashin watan gobe kuwa, wanda ba a yi aikinsa ba tukuna, bai zama bashi a kan mai ba da aiki ba. Don haka a zamanin biya a tebur hanyar da ta rage ita ce kotu ta yanka wa mutum abin da zai riƙa kawowa duk wata, ko shi da kansa ya sa hannu ya yarda malamin biya ya riƙa cirewa kafin kuɗin su iso hannunsa.

Mutumin Sabon Gari ya tashi ne tsakanin kotuna iri uku: ta Joji mai bin dokar Ingila, da ta alƙali, da kotun haɗaka da aka kafa domin baƙi, inda wakilan ƙabilu suke zama su yi hukunci da al'ada, wadda ta ci gaba da zama har bayan an mayar da garin ƙarƙashin En'e ta Zazzau a zamanin Sarki Ja'afaru. Sunaye sun yi ta canzawa, a 1968 kotunan En'e suka koma hannun gwamnati da sunan kotunan yanki, a 2001 Jihar Kaduna ta maye gurbinsu da kotunan Shari'a da na gargajiya, amma abu ɗaya bai canza ba: bashi ɗaya tsakanin mutum biyu yana da ƙarshe iri biyu, gwargwadon ƙofar da aka shiga. Wanda ya je gaban alƙali zai fito da uwar kuɗinsa kawai, ko da takardar da ke hannunsa ta ambaci ruwa. Wanda ya je gaban majistare ko Babbar Kotu yana iya fitowa da uwar kuɗi, da ruwan da aka yi yarjejeniya a kansa, da kuɗin ɗawainiya, da ruwan bayan hukunci, wanda adadin da aka fi ji a kotunan Nijeriya shi ne kashi 10 cikin ɗari a shekara. Mai ƙara ne yake zaɓen ƙofa, wanda ake bi sai dai ya tafi inda sammaci ya kira shi.

Samaru ta zo daga baya, amma ta fi Sabon Gari dogara ga ranar biya. Ƙauye ce a kan hanyar Funtuwa lokacin da gwamnati ta kafa tashar binciken aikin gona a wurin a 1922, sa'an nan makarantar koyon aikin gona, sa'an nan Kwalejin Fasaha da Kimiyya a cikin shekarun 1950, wadda a harabarta aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba 1962. Tun daga nan, in an yi biya kasuwar Samaru ta cika, in an yi jinkiri mahauci da mai hatsi da mai gidan haya a Hayin Dogo su ne farkon masu sani. Ma'aikata suka nemi mafita a ƙungiyoyin gama kai na ajiya da rance, waɗanda asalin dokarsu ta 1935 ce, ana cire kuɗinsu daga albashi bisa yardar mai shi, wasunsu kuma ba sa ɗora ruwa ko kaɗan; a ganina ba a ƙago wa mai albashi abin da ya fi wannan rufa masa asiri ba. Dokar ƙodago ta 1974 ita ma ta kawo ɗan shinge, gama ta ce jimlar abin da mai ba da aiki zai cire a wata kada ta wuce sulusin albashin watan, kada kuma ya ɗora ruwa a kan albashin da ya ba da kafin lokaci. Amma shingen bai kewaye kowa ba, domin dokar ta fitar da manyan ma'aikata da ƙwararru daga cikin waɗanda take nufi. Kuma da aka yi yajin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 aka riƙe albashinsu, duk wanda ya ci bashin banki bisa lamunin albashi ya ga yadda yanka yake tsayawa alhali ruwa bai tsaya ba.

Babban canji ya zo ne ran da albashi ya bar tebur ya koma banki, musamman tun Janairu 2009 da gwamnatin tarayya ta hana ma'aikatunta biya da tsabar kuɗi ko cek. Da zarar albashi ya faɗa asusu, a idon doka ya tashi daga ladan aiki ya zama bashin da mai asusu yake bin banki, wanda umurnin kotu yake iya kamawa gaba ɗaya. Sulusin da dokar 1974 ta ambata kuwa mai ba da aiki ya ɗaure, bai ɗaure banki ba. Lauyoyi sukan jera sunayen bankuna da yawa a takardar ƙara guda, duk wanda aka dace da kuɗi a cikinsa a kama, magidanci kuma sau da yawa ba ya sanin abin da ake ciki sai ya je cirar kuɗin cefane. Tun 1 ga Agusta 2020 ma Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna hanyar ɗebe bashinsu daga kowane asusu da ke haɗe da lambar BVN ta mai bashi, ba tare da zuwa kotu ba, bisa izinin da ya sa wa hannu ran da ya karɓi rancen, ko da yake an taƙaita ta ga uwar kuɗi da ruwanta, ban da tara. Abin takaici shi ne ita dokar 1945 ɗin nan, a sashe na 84, ta yi wa kuɗin gwamnati katanga: in suna hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i, ba a kama su sai da yardar Antoni Janar. Ɗan fansho ko ɗan kwangilar da ya yi nasara a kan hukuma sai ya nemi izini daga lauyan wanda yake bi, masinjan ofis kuwa ba a neman izinin kowa kafin a kulle asusunsa.

To, a nan ne ake samun abin da ya fi ɗaure wa mutane kai, ya kuma fi ƙona musu rai, watau mutum ya biya adadin da ya ji an ambata a kotu da kunnensa, ko kwabo bai rage ba, sa'an nan a ce masa da saura. Bari mu buga misali da lissafi. A ƙaddara kotu ta tabbatar wa wani ma'aikaci bashin naira 600,000, da ruwan kashi 10 cikin ɗari a shekara har ya gama biya, aka kuma yarda a riƙa cire masa 20,000 kowane wata. Shi a lissafinsa wata 30 ne, shekara biyu da rabi, ya huta. In an riƙa zuba abin da yake biya a kan uwar kuɗi, ana lissafa ruwa a kan abin da ya rage kaɗai, to ran da ya cika watanninsa akwai ruwan naira 77,500 yana jiransa, kusan yankan wata huɗu ke nan. In kuwa mai bin bashi ya riƙa fara ɗebe ruwan kowane wata kafin ya taɓa uwar kuɗi, yadda bankuna suke yi, biyan zai kai wata 35, ruwan kuma ya haura 93,000. In aka gamu da mai lissafin da, ko don jahilci ko don mugunta, ya ɗora kashi goman a kan 600,000 ɗin cif har tsawon lokacin, kamar ba a taɓa biyan ko sisi ba, sai a miƙo masa takardar 150,000. Hukunci ɗaya ne, kalmominsa ba su canza ba, amma ga adadi uku, na ƙarshe ya kusa ninka na farko, alhali kuwa abin da aka saba rubutawa a takardar hukunci, cewa ruwa zai ci gaba har a gama biya, bai bayyana ta wace hanya za a lissafa ba. A haɗa da wannan, kuɗin da aka cire daga albashi yau ba lalle ne su isa hannun mai bin bashi yau ba, suna iya kwana a ofishin biya ko a rajistar kotu makonni, ana lissafa wa mai albashi ruwan jinkirin da ba shi ya yi ba. Kuma yanka ba ya tsayawa da kansa, sai an rubuta wa ofishin biya, in ba wanda ya rubuta sai a ci gaba da cirewa, maido da abin da aka cire bisa kuskure kuwa wata shari'a ce sabuwa.

Adalci ya wajabta a saurari mai bin bashi shi ma, domin ba kullum ne yake banki ko attajiri ba. Sau da yawa gwauruwa ce mai ɗakunan haya biyu a Muciya, ko ɗan tireda da ya ba da shinkafa da mai wata bayan wata don kunya, kuma hadisi ingantacce ya lissafa taurin bashin mai hali cikin zalunci. A shekara irin ta 1995, da tsadar kaya ta haura kashi 70 cikin ɗari, ko 2024 da ta haura kashi 30, wanda aka jinkirta wa haƙƙinsa shekara biyu an cinye masa babban rabo daga cikinsa, kashi goman kotu ma bai mayar masa ba. Malaman wannan zamani sun yi doguwar muhawara a kan haka. Shaihu Mustafa az-Zarƙa na Sham ya ga halaccin a ɗora wa mawadaci mai taurin bashi diyyar cutar da ya jawo. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ƙi yarda da kowane irin ƙari a kan bashi saboda jinkiri. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suka bi hanya ta tsakiya wadda ake jingina ta ga maganar malamin Malikiyya al-Haɗɗab, watau mai jinkiri ya lazimta wa kansa sadaka, a karɓa a ba mabukata, kada bankin ya ci. Duk da saɓaninsu, sun haɗu a kan rarrabewa tsakanin wanda ya ƙi biya da wanda ya kasa, wannan rarrabewa kuwa ita ce ruwan bayan hukunci ya shafe. Yana hawa kan mai ɓoye dukiya da mai yanka daga bakin 'ya'yansa daidai wa daida. Hasali ma ya fi nauyi a kan na biyu, gama mawadaci in an matsa masa yakan biya a rana ɗaya ya tsira, matalauci kuwa gwargwadon ƙanƙantar abin da yake iya bayarwa a wata, gwargwadon tsawon lokacinsa da yawan ruwansa.

Ni dai ina kan abin da malamanmu suka karantar, cewa ƙari a kan bashi saboda ajali riba ne, ko ɗan kasuwa ya ɗora shi ko Joji. Amma Sabon Gari da Samaru garuruwan kowa da kowa ne, dokar ƙasa kuma ba za ta canza gobe ba, saboda haka akwai abin da ya kamata Musulmi da Kirista su haɗu su nema tun yanzu. Halilu ya ambata a ƙarshen babin fatara cewa wanda ya biya bashinsa ana hukunta masa karɓar takardar bashin ko a yage ta, domin kada a sake tashinsa da ita. Kwatankwacin wannan a yau shi ne ran da aka yanke hukuncin biya kaɗan-kaɗan, magatakardan kotu ya rubuta jadawali a gaban su biyun, mai nuna abin da za a cire kowane wata, da inda za a fara zuba shi, da jimlar ruwa in akwai, da watan da za a gama, a lissafa biya tun ran da aka cire daga albashi, in an kai watan ƙarshe kuma kotu da kanta ta rubuta wa ofishin biya da banki, ta ba mutumin takardar shaidar kuɓuta daga bashin. Wanda ya tabbatar wa kotu da rashi, ya kuma kiyaye jadawalinsa bai saɓa ba, a ɗauke masa ruwan bayan hukunci, tun da dai ƙa'idar ruwan hukunci ta ba Joji zaɓi ne, ba ta tilasta masa ɗorawa ba. Yawancin wannan gyara ba ya bukatar a jira majalisar Abuja, domin ƙa'idar ruwan hukunci tana cikin dokokin tafiyar da shari'a na Babbar Kotun jiha, waɗanda Babban Jojin Jihar Kaduna yake da ikon gyarawa.